DARASI: WA KE LEƘA ƊAKIN DA AKA TSARE BAƘO?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan ɗakunan da gwamnatoci ke tsare baƙi ne a bakin iyakar ƙasa, na 'yan sa'o'i ko na 'yan kwanaki, da kuma mutanen da aka ba izini su shiga su duba yadda ake riƙon waɗannan baƙi. Za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Birtaniya, gama a can an daɗe ana wannan aiki, an kuma rubuta nasararsa da kasawarsa a fili. Sai magatakarda ya karanta sashe sashe, ku tsaya ku tattauna, sa'an nan ku amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Kada wani ya ce maganar ba ta shafe mu ba. 'Ya'yanmu suna fita waje neman ilimi da neman aiki, kowannensu kuwa sai ya tsaya a gaban ma'aikacin shige da fice. Dattawa kuma suna tune da shekarar 1969, sa'ad da gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasar, 'yan Nijeriya masu yawa suka komo gida. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, 'yan Gana kimanin miliyan 1 suka fita, da yawansu sun yi kwanaki a bakin iyaka da tashar jirgin ruwa ta Legas suna jiran hanya. Mai masauki na yau, gobe shi ne baƙo.

1. WANE IRIN WURI NE WANNAN?

Idan mutum ya sauka a filin jirgin sama ko tashar jirgin ruwa, ma'aikacin shige da fice ya ga takardunsa ba su cika ba, ko ya yi shakkar dalilin zuwansa, ko kuwa mutumin ya ce mafaka yake nema, sai a kai shi wani ɗaki a kulle har a gama bincike. Ba alƙali ne ya ɗaure shi ba. Ma'aikaci ne ya sa hannu a takarda. Mutumin yana iya zama ɗalibi, ko tsohuwa da ta zo ganin jikoki, ko uwa da goyo.

A Birtaniya an yi ƙa'idodin waɗannan wurare a 2018. Iri na fari shi ne ɗakin jira, kamar waɗanda ke filin jirgin sama na Heathrow a Landan. Bai kamata mutum ya wuce awa 24 a ciki ba, sai da izini na musamman. Iri na biyu yana da ɗakunan kwana, ana iya ajiye mutum kwana 5, ko kwana 7 idan an riga an shirya mayar da shi ƙasarsa. A Janairu 2023 aka ƙara iri na uku, inda za a iya tsare mutum har awa 96. Yawancin wuraren nan kamfanoni 'yan kwangila ne ke tafiyar da su a madadin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

2. ME YA SA GAJERIYAR TSAREWA TAKE DA HATSARI?

Mutum zai yi tsammani kwana ɗaya ba kome ba ne. Amma ku lura da abubuwa uku.

Na ɗaya, da yake an gina ɗakin don awa kaɗan, ba a cika tanadin abin da jiki ke bukata ba. Masu dubawa sun sha rubuta cewa wasu ɗakunan jira ba su da taga, ba gado sai kujeru, ba wurin wanka, ba filin shan iska. Sun kuma daɗe suna kuka a kan maganar magani: akan karɓe maganin da mutum ya zo da shi, ba kuwa likita ko nas a wurin da zai yarda a ba shi. Ku yi tunanin mai ciwon sukari ko mai hawan jini a irin wannan hali.

Na biyu, baƙo bai san kowa ba. Sau da yawa ba ya jin harshen ƙasar, bai san dokarta ba, an karɓe wayarsa, danginsa ba su san inda yake ba. Ɗan gari da aka kulle a ofishin 'yan sanda, kafin yamma 'yan'uwansa sun taru a ƙofa da abinci. Baƙo ba mai zuwa ƙofa dominsa.

Na uku, baƙo raɓa ne. Kafin ya kai ƙara an wuce da shi wani wuri, ko an sa shi a jirgi. Wanda ya cuce shi ya san shaida ta tafi. Gobe wani baƙo zai shiga ɗakin nan, ya tarar da abin da na jiya ya tarar.

Saboda haka wurin da mutane ke wucewa da sauri ya fi kowane wuri bukatar ido daga waje.

3. SU WA KE DUBAWA?

Kun san yadda muke yi a jam'iyyar gama kai. Ma'aji amintacce ne, mu muka zaɓe shi. Duk da haka ba shi ke binciken littafinsa ba. Mai binciken lissafi yakan zo daga waje, ya buɗe littafi, ya shiga sito ya ƙidaya buhuna da hannunsa. Wannan ba zargin ma'aji ba ne. Kāriya ce ga kuɗin jam'iyya, kāriya ce kuma ga sunan ma'aji. To, idan buhun masara ya cancanci haka, balle ɗan adam.

A Ingila tunanin nan tsoho ne. A 1773 aka naɗa wani mutum mai suna John Howard babban jami'in shari'a na yankin Bedford. Maimakon ya zauna a ofis, sai ya shiga gidan yari da kansa. Ya tarar da mutanen da kotu ta riga ta wanke suna nan a kulle, domin ba su da kuɗin da za su biya masu gadi. Ya kai magana gaban majalisa, a 1774 aka yi dokar da ta hana wannan. Gani ya kori ji.

A zamanin nan masu duba wuraren tsare baƙi a Birtaniya kashi uku ne.

Kashi na fari, kwamitocin sa ido masu zaman kansu, waɗanda a taƙaice ake kira IMB. Sun sami wannan suna a 2003, amma asalinsu kwamitocin masu ziyarar gidan yari ne na tun dā. 'Yan kwamiti mutanen gari ne kamar ku, ba a biyansu albashi. Minista ne ke naɗa su. Suna iya zuwa da rana ko da dare ba tare da sanarwa ba, su yi magana da wanda aka tsare inda mai gadi ba zai ji ba, su duba littafin shiga da fita. Kowace shekara suna rubuta rahoto, a buga shi kowa ya karanta.

Kashi na biyu, ofishin Babban Sufeton Gidajen Yari. Waɗannan ƙwararru ne masu albashi. Ba su zuwa kullum, amma idan sun zo sukan bincika kome dalla dalla. Dokar 2006 ce ta tabbatar musu da ikon duba wuraren tsarewa na gajeren lokaci da motocin da ake ɗaukar baƙi a ciki.

Kashi na uku, Babban Sufeton Iyakoki da Shige da Fice, wanda ke duba yadda ma'aikatar kanta ke gudanar da aikinta.

Ku riƙe wannan: ba ko ɗaya daga cikinsu da ke da ikon buɗe ƙofa ya saki mutum. Ikonsu shi ne su gani, su rubuta, su faɗa.

4. ABIN DA YA FARU A MANSTON

Tsakanin Faransa da Ingila akwai mashigin teku, inda ya fi ƙunci faɗinsa kimanin mil 21 ne. A 2022 mutane fiye da 45,000 suka ƙetare shi a ƙananan jiragen roba, yawancinsu suna neman mafaka. A farkon wannan shekara gwamnati ta buɗe wurin tantance su a Manston, wani tsohon sansanin mayaƙan sama a yankin Kent. Shirin shi ne a ɗauki sunan mutum da hoton yatsunsa, a wuce da shi masauki cikin awa 24. An ƙiyasta wurin zai ɗauki mutum 1,600.

A watan Yuli 2022 sufetocin gidajen yari suka ziyarci wurin. Sun tarar da mutane a gajiye suna kwance a ƙasa, an kuma riga an fara wuce awa 24 da wasu. Amma rahotonsu bai fito ba sai 1 ga Nuwamba.

A tsakanin nan abin ya lalace. Jiragen roba suna ta zuwa, ba a kuwa samar da isasshen masaukin da za a kai mutane ba. Masu shiga suka fi masu fita. Aka kafa manyan tantuna, maza da mata da yara suna kwana a kan tabarmi mako bayan mako. Ƙazuwa ta yaɗu, cutar mashaƙo ta ɓulla. Tun farkon Oktoba ƙungiyar ma'aikatan gidan yari ta yi gargaɗi a fili.

A ƙarshen Oktoba David Neal, wanda shi ne Babban Sufeton Iyakoki a lokacin, ya je ya gani da idonsa. Ran 26 ga wata ya shaida wa kwamitin majalisa cewa abin da ya gani ya hana shi magana, wurin kuma yana da hatsari. Ya ba da labarin wani iyali daga Afganistan da ya tarar sun yi kwana 32 a cikin tanti. Ran 30 ga wata wani mutum ya jefa bam na fetur a wurin karɓar baƙi da ke Dover, aka kwashe mutane wajen 700 daga can aka ƙara a Manston. Yawan mutane ya kai kimanin 4,000.

Da magana ta fita, jaridu da 'yan majalisa suka taso, sai aka shiga kwashe mutane da gaggawa. Ran 19 ga Nuwamba wani ɗan Iraƙi mai shekara 31 da aka tsare a wurin ya rasu a asibiti, an kuma sami cutar mashaƙo a jikinsa. Zuwa 22 ga wata ba sauran kowa a Manston. Bayan kwana 3 kwamitin hana azabtarwa na Majalisar Turai ya iso domin nasa binciken. A 2024 gwamnati ta yarda a kafa kwamitin bincike a kan abin da ya faru.

Ga darasi biyu a nan. Ziyarar mai dubawa da maganarsa a gaban majalisa sun yi amfani, gama cikin wata ɗaya aka kwashe mutanen da suka yi makonni a tantuna. Amma alamun sun bayyana tun Yuli. Rahoton da ya yi wata 3 kafin ya fito kamar maganin ƙwari ne da ya iso bayan gwazarma ta gama da rumbu.

5. INDA MAI DUBAWA KAN KĀSA

Samun kwamiti kaɗai bai isa ba. Ga hanyoyi biyu da aikin ke lalacewa.

Ta fari ita ce sabo. Brook House wurin tsare baƙi ne na dogon lokaci kusa da filin jirgin sama na Gatwick, yana kuma da kwamitin sa ido. A 2017 wani matashin ma'aikaci ya ɗauki hoto a ɓoye, gidan talabijin na BBC ya nuna yadda wasu masu gadi ke zagi da cin zarafin waɗanda aka tsare. Kwamitin binciken da aka kafa ya ba da rahoto a Satumba 2023. Ya sami shaida mai ƙarfi ta mugun wulakanci har sau 19 cikin wata 5. Ya kuma soki kwamitin sa ido cewa ya yi kusa da masu tafiyar da wurin fiye da kima, bai tsananta tambaya ba. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Mai dubawa da ya saba shan shayi a ofishin manaja, a hankali da idon manaja zai riƙa ganin kome.

Ta biyu ita ce toshe baki. Rahoton Sufeton Iyakoki ba shi da kansa ke buga shi ba. Sai ya miƙa wa minista, minista ya kai majalisa sa'ad da ya ga dama. David Neal ya sha kuka a kan jinkirin nan. A Fabrairu 2024 aka sallame shi bayan ya ba jarida bayani a kan abin da ya gano a wani filin jirgin sama. Gwamnati ta ce ya karya ƙa'idar aikinsa. A ranar da ya tafi, rahotanninsa 15 suna ajiye ba a buga ba. Ku gwada wannan da jam'iyyarku: idan mai binciken lissafi ya gama aiki, ya miƙa wa ma'aji rahoto, ma'aji kuma shi zai zaɓi ranar da za a karanta wa membobi, wane amfani binciken ya yi?

6. YARJEJENIYAR DUNIYA

Wani ma'aikacin banki ɗan ƙasar Suwizalan, Jean-Jacques Gautier, ya lura cewa zalunci a ɓoye ake yinsa, a bayan ƙofa. Ya ga yadda ƙungiyar agaji ta Red Cross ke ziyartar fursunonin yaƙi, sai ya ba da shawara a yi haka ga dukan wuraren da ake kulle mutane. A 1977 ya kafa ƙungiya domin wannan. Ya rasu a 1986, bai ga ƙarshen aikinsa ba. A 1987 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniyar ziyara, wadda ta haifi kwamitin da ya je Manston. Ran 18 ga Disamba 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da irin wannan yarjejeniya domin duniya duka, ta fara aiki a 2006.

Ƙasar da ta shiga yarjejeniyar ta ɗauki alkawari biyu. Za ta buɗe ƙofa ga kwamitin ƙwararru 25 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Za ta kuma kafa tata hukumar ziyara ta cikin gida mai cin gashin kanta. Wannan ya haɗa da gidan yari, da ofishin 'yan sanda, da asibitin masu taɓin hankali, da ɗakin tsare baƙi a bakin iyaka. Manufar ita ce a je tun ba a ji kuka ba, gama rigakafi ya fi magani.

Birtaniya ta shiga a 2003, Nijeriya a 2009, Nijar a 2014, Gana a 2016. Wato alkawarin nan namu ne mu ma, ya kuma shafi ɗakunan da ake tsare baƙi a iyakokinmu. Libiya, inda samarinmu da yawa suka sha wuya a wuraren tsarewa, ba ta shiga ba.

7. ABIN DA MAI DUBAWA YAKE BUKATA

Daga abin da muka karanta, za mu iya tsamo sharuɗɗa biyar.

(1) Kada ya zama a ƙarƙashin wanda yake dubawa, ko wajen albashi ko wajen sallama.
(2) Ya shiga a kowane lokaci ba sanarwa. Idan an san ranar zuwansa, za a share ɗaki, a dafa abinci mai kyau.
(3) Ya yi magana da baƙo a kaɗaice, da tafinta idan akwai bukata, kada kuma a hukunta wanda ya yi magana.
(4) Ya ga littattafai da idonsa: yaushe aka kawo mutum, yaushe ya ci abinci, yaushe aka fita da shi.
(5) Ya buga rahotonsa da kansa, da wuri, hukuma kuma ta ba da amsa a rubuce.

Akwai na shida wanda ba a hannun mai dubawa yake ba, wato jama'ar da za su karanta rahoto su tambayi shugabanninsu. Rahoton da ba wanda ya karanta, da shi da babu duk ɗaya ne.

8. IDAN NAKA ZAI YI TAFIYA

Ya tabbata fasfo da biza na gaskiya ne, daga ofishin da ya dace. Ya bar kwafin takardunsa a gida. Ya rubuta lambar wayar dangi da ta mai masaukinsa a takarda ya sa a aljihu, gama ana iya karɓe wayarsa. Idan yana shan magani, ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Idan an tsare shi, ya nemi a ba shi dalili a rubuce, ya lura da lokacin da aka shigar da shi, kada ya sa hannu a takardar da bai gane ba, ya nemi tafinta. Bisa ga yarjejeniyar Biyana ta 1963, baƙon da aka tsare yana da hakkin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya so. Idan kuma mai dubawa ya shigo, ya faɗa masa gaskiyar abin da ya gani, domin kansa da domin wanda zai shiga ɗakin gobe.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa uku ne suka sa gajeriyar tsarewa take da hatsari?
2. An duba Manston a Yuli 2022, an kwashe mutane a Nuwamba. Me ya kamata a ce an yi a tsakani, wa kuma ya kamata ya yi shi?
3. Me ya sa kwamitin Brook House bai ga abin da matashin ma'aikaci ya gani ba? Yaya za a hana sabo ya rufe idon mai dubawa?
4. A cikin sharuɗɗa biyar ɗin nan, wanne ne kuke ganin ya fi wuyar samu a ƙasarmu?
5. Akwai wurin da ake kulle mutane kusa da garinku? Ban da ma'aikatan wurin, wa ke da izinin shiga ya duba?
6. Idan baƙo marar dangi ya shiga hannun hukuma a garinku, wa zai tsaya masa a ƙofa?

Magatakarda ya rubuta amsoshinku a littafin taro. Tambaya ta 5 kuwa, idan ba wanda ya san amsarta, ku zaɓi mutum biyu su je su tambaya, su kawo muku labari a taro mai zuwa.